Ƙwayoyin Tushe da Cututtukan Ƙwaƙwalwa: Me Ake Bincike, Me Ake Sayar Mana?

(Jawabin da wani ɗan'uwanmu ma'aikacin lafiya, tsohon mamban ƙungiya, ya gabatar a zaman ilimi na bikin tunawa da kafuwar ƙungiyarmu. Mun buga shi kamar yadda ya faɗe shi, sai ɗan gyara kaɗan.)



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki da Ya nuna mana wannan rana. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa da sahabbansa. Malamanmu, iyayenmu da suka bar ayyukansu suka zo, shugaba da ƴan kwamiti, amirar ƴan'uwa mata, da baƙinmu da suka taso daga Damagaram da Tawa da Yamai, ina yi muku barka da zuwa. Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Da aka ce in yi magana a wannan zama, na so in ɗauko tarihin ƙungiya kamar yadda aka saba. To, wasu sun riga ni, kuma sun fi ni sani. Sai na zaɓi wata magana da ta daɗe tana damuna.

Akwai wani saurayi a unguwarmu, fadarmu ɗaya, tare muke shan shayi da dare. Wata safiya mahaifinsa ya tashi zai yi alwala, buta ta suɓuce daga hannunsa na dama, baki ya karkace, magana ta ƙi fita. Shanyewar ɓarin jiki. Aka kai shi likita, aka ce hawan jini ne ya jawo, aka rubuta magani, aka ce a riƙa kai shi wajen kine, masu motsa gaɓoɓi. Sauƙi yana zuwa, amma a hankali. Bayan kamar wata biyu wani ya turo wa yaron bidiyo a WhatsApp: wani mutum sanye da farar riga yana nuna ƴan fakitin gari, wai a zuba a ƙarƙashin harshe, wai sabon ilimi ne da ke gyara ƙwaƙwalwa, yana warkar da shanyewar jiki da farfaɗiya da ciwon suga da sikila har da rashin haihuwa. Yaron nan ya sayar da tumaki huɗu da yake kiwo don aurensa. Mai sayarwa ya ce a dakatar da maganin likita tukuna, kada su yi faɗa a ciki. Aka dakatar. Ba a yi wata ɗaya ba ciwon ya sake bugun tsohon. Yana nan da rai, amma yanzu sai an tayar da shi, sai an kwantar.

Ban kawo labarin nan don in zargi yaron ba. Son mahaifi ne ya sa shi, kuma Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, sunan da mai farar rigar ya ambata sunan ilimi ne na gaskiya. Da Faransanci ana cewa cellules souches, ni kuwa yau zan kira su ƙwayoyin tushe. Akwai malaman kimiyya da suka ƙare rayuwarsu a kansu, akwai kuma waɗanda suka ari sunan suka shiga kasuwa. Ina so kafin mu tashi kowannenmu ya iya rarrabe su.

Cututtukan da muke magana a kai

Idan aka ce cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ba baƙi ba ne a gidajenmu. Farfaɗiya tana ciki. Shanyewar ɓarin jiki tana ciki. Akwai sanƙarau da abin da yake bari a baya, kurumta ko raunin fahimta. Akwai shan inna. Akwai yaron da ya wahala wajen haihuwa, ya girma wuyansa bai tsaya ba. Akwai ɗan kabu-kabun da ya faɗi lakarsa ta taɓu, ƙafafu suka daina ji. Akwai ciwon makyarkyata na Parkinson, irin wanda ya kama ɗan damben nan Muhammad Ali tun 1984 har rasuwarsa a 2016. Akwai kuma rikicin tsufa, inda tsoho zai manta sunan ɗansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2021 fiye da mutum biliyan 3 ne ke ɗauke da ɗaya daga irin waɗannan cututtuka, wato sama da mutum ɗaya cikin uku a duniya, idan an haɗa har da ciwon kai mai tsanani.

Me ya sa suke da wuyar warkewa? Jikin ɗan Adam an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. Idan ka yanke da wuƙa, fata tana haɗewa, don akwai ƙwayoyin da ke haifar sababbi. Jininka ma kullum sabuntawa yake, jar ƙwayar jini ba ta wuce kamar kwana 120. Ƙwaƙwalwa ba haka take ba. Tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kowace tana haɗe da dubban ƴan'uwanta kamar wayoyin lantarki, kuma mafi yawansu da su aka haife ka, da su za ka koma. Wadda ta mutu da wuya a samu madadinta. Idan jini ya yanke wa wani sashe na ƙwaƙwalwa, cikin mintoci ƙwayoyin wurin suke fara mutuwa. Sauƙin da muke gani daga baya, yawanci ƙwayoyin da suka rage ne suke koyon aikin waɗanda suka tafi. Shi ya sa motsa gaɓoɓi yake da amfani sosai.

Daga nan tambaya ta taso wa masu bincike: in ƙwaƙwalwa ba ta haifar sababbin ƙwayoyi, ba za a iya samo su a waje a dasa mata ba?

Mene ne ƙwayar tushe?

Ƴan Damagaram da ke nan sun san magina tukwane na Mirya. Yumɓu ɗanye a hannun magini yana iya zama tulu, yana iya zama randa, yana iya zama kasko. Amma da zarar an gina an gasa, shi ke nan, tulu ya zama tulu. Ƙwayar tushe kamar ɗanyen yumɓu take. Ba ta riga ta zama fata ko jini ko jijiya ba, tana iya hayayyafa, tana kuma iya rikiɗa ta zama wani nau'in. Ƙwayar fatarka kuwa gasasshen tulu ce.

A 1961 wasu masana biyu a Toronto ta ƙasar Kanada, Till da McCulloch, suka nuna a jikin ɓeraye cewa a cikin ɓargo akwai ƙwayoyin da ke haifar dukkan nau'o'in jini. A kan irin wannan sani dashen ɓargo ya tsaya, kuma likitan Amurka Donnall Thomas ya samu kyautar Nobel a 1990 saboda shi. A 1988 a birnin Paris aka yi wa wani yaro ɗan shekara 5 dashe da jinin cibiyar ƙanwarsa jaririya, ya kuwa warke daga wata cutar jini ta gado. Yau da dashen ɓargo ana warkar da wasu masu kansar jini, har da wasu masu sikila, cutar da muka sani sarai a ƙasar nan. To kun ga, maganin ƙwayoyin tushe da ya tabbata akwai shi. Amma ku lura, na jini ne, ana yin sa a manyan asibitoci, majinyaci yana kwana makonni a keɓe, kuma yana da haɗarinsa. Ba gari ba ne a fakiti.

A 1998 James Thomson a Amurka ya iya raino ƙwayoyin tushe daga ɗan tayin ɗan Adam na ƴan kwanaki, waɗanda ke iya zama kowane irin sashe na jiki. Nan muhawara ta tashi a duniya kan halacci, don ana rusa ɗan tayin kafin a same su. Sai a 2006 wani likita ɗan Japan, Shinya Yamanaka na jami'ar Kyoto, ya gano abin da ya ba kowa mamaki: da sinadaran gado huɗu kacal ya mayar da ƙwayar fatar ɓera ta koma ƙwayar tushe. A 2007 ya yi haka da ta mutum. Wato ya mayar da gasasshen tulu ya koma ɗanyen yumɓu. An ba shi Nobel a 2012. Tun daga nan ana iya ɗaukar ɗan jini ko fatar babban mutum, a mayar da ita tushe, sannan a lallaɓa ta a ɗakin bincike ta zama ƙwayar jijiya.

Ina binciken ya kai?

Inda aka fi nisa shi ne ciwon Parkinson, kuma da dalili. A wannan ciwo nau'in ƙwaya ɗaya ce ke mutuwa, a wani ɗan wuri a cikin ƙwaƙwalwa, wadda ke samar da sinadarin dofamin mai daidaita motsi. Tun ƙarshen shekarun 1980 aka fara gwada dashe a birnin Lund na Suwidin. A 2001 aka fitar da sakamakon wani gwaji a Amurka da mutum 40: rabi an dasa musu, rabi an yi musu kamar an yi aikin ba a dasa komai ba, don a gane ko sauƙin na gaske ne ko na sa rai ne. Amfanin bai kai yadda aka zata ba, kuma wasu daga waɗanda aka dasa wa suka samu wani motsin jiki da ba sa iya tsayarwa. Masu bincike suka koma baya, suka yi shekaru suna gyara.

A 2018 jami'ar Kyoto ta fara sabon gwaji da irin ƙwayoyin Yamanaka. An buga sakamakon a watan Afrilun 2025. Mutum nawa? Mutum 7. An bi su shekara biyu, ba a ga ƙari ya fito ba, hoton ƙwaƙwalwa ya nuna ƙwayoyin suna raye suna samar da dofamin, kuma cikin 6 da aka auna motsinsu, 4 sun samu sauƙi. A lokaci guda aka buga wani gwajin na Amurka da Kanada mai mutum 12, shi ma da alamu masu daɗi. Labari ne mai faranta rai, alhamdu lillahi. Amma ku ƙirga da ni: mutum 7 da mutum 12, bayan aikin da ya haura shekara talatin. Kuma ba sha ake yi ba, huda ƙoƙon kai ake yi a ajiye ƙwayoyin daidai wurin da ake so, sannan a ba mutum maganin da zai hana jikinsa ƙin baƙuwar ƙwaya.

A ɓangaren laka, gwajin farko da ƙwayoyin ɗan tayi an fara shi a Amurka a 2010, aka tsayar a 2011 saboda kuɗi. A Tokyo, jami'ar Keio ta dasa wa mutum 4 masu raunin laka, a 2025 ta sanar cewa biyu sun samu ci gaba, ɗaya har yana iya tsayawa, sauran biyun ba wani canji sosai. A farfaɗiya ma an fara gwaji a Amurka a 2022, ga masu irin wadda ta gagari magani. A shanyewar ɓarin jiki kuwa, an yi gwaje-gwaje masu yawa, kuma manyansu har yanzu ba su nuna amfani bayyananne ba. Dalili a fili yake: a nan ba nau'in ƙwaya ɗaya ke mutuwa ba, unguwa guda ce ke rushewa da hanyoyinta da wayoyinta. Ko ka kawo sababbin ƙwayoyi, wa zai nuna wa kowace inda za ta haɗa wayarta?

Me ya sa suke jinkiri haka? Saboda ƙarfin ƙwayar tushe shi ne kuma haɗarinta. Abin da ke iya hayayyafa ya zama komai, in ba a sarrafa shi ba yana iya zama ƙari. Wannan ba tsoratarwa ba ce, ya faru. Wani yaro daga Isra'ila mai cutar jijiya ta gado, iyayensa suka kai shi Mosko aka yi masa allurar ƙwayoyin ɗan tayi tun daga 2001. Bayan shekara huɗu aka ga ƙari a ƙwaƙwalwarsa da lakarsa, bincike ya nuna daga ƙwayoyin da aka sa masa ya tsiro. Wani Ba'amurke mai shanyewar ɓarin jiki ya zaga Sin da Ajantina da Meziko ana yi masa irin wannan allura, ya kashe kusan dala 300,000. Dalar Amurka fa nake nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba, wato fiye da miliyan 150 na kuɗinmu. Abin da ya samu shi ne ƙari a lakarsa, ya ƙara nakasa a kan wadda yake da ita. Likitocinsa suka buga labarin a 2016. A jihar Fulorida kuma, tsofaffin mata uku aka yi wa allurar ƙwayoyin kitsen jikinsu a ido a 2015, kowace ta biya dala 5,000, dukkansu suka yi mummunar asarar gani. Waɗannan mutane ne masu kuɗi da karatu. Neman lafiya ne ya rufe musu ido, kamar yadda ya rufe wa ɗan fadarmu.

To, garin fakitin fa?

Ku karanta bayan fakitin, yawanci za ku ga an rubuta daga tuffa ko inabi aka samo shi. Ƙwayar tsiro ba ta zama jijiyar mutum, kamar yadda ba ka shuka gero ka girbi akuya. Ƙwaya mai rai a sanyi mai tsanani ake ajiye ta, ba ta rayuwa a busasshen gari cikin zafin watan Afrilu a kantin bakin kasuwa. Abin da ka haɗiye kuwa ciki narkar da shi yake yi kamar tuwo. Sannan Allah Ya yi wa ƙwaƙwalwa wani shinge tsakaninta da jini, wanda ko magunguna da yawa ba sa ƙetarewa.

Ga alamomin da za ku riƙe. Magani ɗaya da aka ce yana warkar da cuta goma, ku guje shi. Wanda hujjarsa bidiyon mutane ce suna cewa na sha na warke, ba shi da hujja. Wanda ya ce ka kawo mutum uku su saya a ba ka kaso, kasuwa yake yi da kai. Wanda ya ce a kai majinyaci ƙasar waje a yi masa allura a biya miliyoyi, a tambaye shi wace hukuma ta yarda da aikin, a kuma kai takardar wa likitan da ke duba majinyacin, don a gwaji na gaskiya ba a saba karɓar kuɗin majinyaci ba. Mafi muni duka shi ne wanda ya ce a ajiye maganin likita. Wannan ko ɗan'uwanka ne, kada ka saurare shi.

Me shari'a ta ce?

Malamai suna zaune, sun fi ni sani, in na yi kuskure su gyara mini. Akwai hadisai ingantattu da ke kwaɗaitar da neman magani, suna kuma nuna cewa kowace cuta Allah Ya yi mata magani, ko da mutane ba su kai ga saninsa ba tukuna. Wannan kaɗai ya isa ya sa Musulmi ya girmama bincike. Malaman zamani ma ba su yi shiru ba. Tun 1990, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda ta tattauna dashen ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da jijiya. A watan Disamban 2003 kuma majalisar fiƙihu ta Rabiɗa ta zauna a Makka ta fitar da matsaya kan ƙwayoyin tushe. Ta halatta samo su da amfani da su don magani ko bincike idan tushensu halal ne: daga babban mutum da izininsa ba tare da cutar da shi ba, daga yaro da izinin waliyyinsa, daga mabiyiya da cibiya, daga cikin da ya zube da kansa da izinin iyaye, da kuma ragowar ƙwan ma'aurata da aka haɗa a asibiti don neman haihuwa, idan sun bayar. Ta haramta zubar da ciki da gangan don a samu ƙwayoyin, ta haramta haɗa ƙwai da maniyyin waɗanda ba ma'aurata ba don wannan, ta kuma haramta kwafin halitta. Kun ga addininmu bai rufe ƙofar ba, iyaka ya sa mata. Yaudarar majinyaci da cin kuɗinsa da ƙarya kuwa, wannan ba ya bukatar zaman majalisa kafin mu san hukuncinsa.

Abin da ke hannunmu yau

Ƴan'uwa, ga inda nake so mu fi tsayawa. Muna hangen maganin da ke ɗakin bincike a Kyoto, alhali wanda ke farmasin unguwa bai kai ga masu bukatarsa ba.

Mu ɗauki farfaɗiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ke da ita, kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, kuma har kashi 70 cikin ɗari za su iya daina faɗuwa in sun samu magani daidai. Amma a ƙasashe matalauta kashi uku cikin huɗu ba sa samu. Maganin ba sabo ba ne. Gardénal ɗin nan da kuka sani ya haura shekara ɗari ana amfani da shi, akwai kuma wasu da likita ke zaɓa gwargwadon mutum. Sharaɗin shi ne a sha kullum, kada a tsayar kwatsam, kuma mace mai ciki ko mai shirin aure ta gaya wa likita, don akwai wanda ke cutar da ɗan ciki.

Abin da ya fi ciwon ciwo shi ne yadda muke yi da masu shi. Yaro ya faɗi a lakwal, kowa ya watse, wai yawunsa yana harbi. Wallahi ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu, ko ta taɓawa, ko ta cin abinci kwano ɗaya. Wutar lantarkin ƙwaƙwalwa ce ke hargitsewa na ɗan lokaci. In ka ga mutum ya faɗi, janye shi daga wuta da ruwa da hanya, sa masa wani abu mai laushi a ƙarƙashin kai, juya shi a gefe, kada ka danne shi, kada ka tura masa cokali a baki, kada ka ɗura masa komai. In ya wuce minti biyar bai lafa ba, a nufi likita. Ƙanne mata, in mace ce ta faɗi, ku matso ku suturta ta.

Kun san labarin baƙar matar nan mai farfaɗiya da ta zo wajen Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta kai kukan ciwonta da yadda jikinta ke buɗewa in ta faɗi. Ta zaɓi haƙuri, ta roƙi a yi mata addu'a kada ta riƙa buɗewa, aka yi mata. Daga baya Ibn Abbas yana nuna ta ga almajirinsa Aɗa'u a matsayin ƴar Aljanna. Hukunce-hukuncen da ke ciki na malamai ne. Ni abin da na gani, matar tana cikin mutane, ba a ɓoye ta a ƙuryar ɗaki ba, kuma an kula da mutuncinta. Ibnul Ƙayyim ma, da ya yi magana kan wannan ciwo a Zadul Ma'ad, ya ambaci nau'in da ke tasowa daga jiki, wanda likitoci ke magana a kansa. Saboda haka a yi addu'a, a yi ruƙiya ta shari'a, a kuma sha magani. Ba kishiyoyi ba ne.

Sai hawan jini, wanda shi ne kan gaba wajen jawo shanyewar ɓarin jiki. Ba ya ciwo, ba ya sallama. Awonsa ba ya cin minti biyar. In ana samun 14 bisa 9 ko sama a kai a kai, a ga likita, a rage gishiri da dunƙulen miya, a bar taba, kuma in an fara magani ba a bari don an ji sauƙi. In kuwa baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, ba a jira gobe.

Sanƙarau kuma, muna tsakiyar yankinsa, wanda ya taso daga Senegal har Habasha. Iyayenmu suna tuna annobar 1996, wadda ta kama fiye da mutum 250,000 a Afirka, ta kashe kimanin 25,000. A 2010 aka fara sabuwar allurar rigakafin nau'in A a Burkina da Mali da Nijar, nau'in ya kusa ɓacewa. A 2015 nau'in C ya buge mu, fiye da mutum 8,000 suka kamu, fiye da 500 suka rasu. Cikin waɗanda suka tsira daga sanƙarau, kamar ɗaya cikin biyar yana fita da tabo na dindindin. Shan inna na daji kuwa, a watan Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da shi, da ɗigon da wasunmu suka riƙa gudu. Ƙwayar jijiyar da rigakafi ya tsare ba ta bukatar dashe.

Haka zazzaɓin sauro da ke hawa kan yaro ya sa shi jijjiga, yana iya barin farfaɗiya a baya: gidan sauro, da maganin rigakafin damina da ake rabawa yara. Haka doguwar naƙuda a gida: awon ciki, da haihuwa a likita. Saura biyu kuma namu ne mu samari, kada mu kalli kowa. Tramol yana jawo faɗuwa irin ta farfaɗiya ko ga wanda bai taɓa yi ba. Hawan babur ba hular kwano kuwa, kun ji da kunnenku abin da masanan Tokyo suka iya yi wa mutum 4 bayan shekaru suna aiki. Hula ta fi araha.

Roƙona ga ƙungiya

Ina roƙon abu huɗu, dukkansu ba su fi ƙarfinmu ba. Na ɗaya, mu sayi na'urar awon jini ko biyu, ƴan'uwanmu ma'aikatan lafiya su riƙa auna mutane a ƙofar masallaci bayan Juma'a, ko sau ɗaya a wata. Na biyu, kowane reshe ya koyi taimakon mai farfaɗiya, ya kai shi makarantun allo da islamiyyu da lakwal. Na uku, mu yi wa kanmu doka a zaurukanmu na WhatsApp: ba a tura tallar magani sai an nuna wa ma'aikacin lafiya, kuma wanda ya tura ƙarya ya dawo ya gyara a inda ya tura. Na huɗu, asusun taimakonmu ya ware wani abu don masu shan maganin kullum da kuɗi ke yanke musu.

Ku kuma ƙannena da ke lise da jami'a, likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ƙalilan ne, mafi yawansu a Yamai. Akwai sashen koyon likitanci a jami'o'in Yamai da Maraɗi da Damagaram. Abdou Moumouni da aka sa wa jami'ar Yamai sunansa a Tasawa aka haife shi, ya kuma zama masanin makamashin rana da aka sani har wajen Afirka. Az-Zahrawi na Andalus ya rubuta yadda ake aikin kan yaron da ruwa ya taru masa shekara dubu da ta wuce. Ranar da dashen ƙwayoyin nan zai tabbata, in Allah Ya so, sai an samu masu hannu da ilimi da tsoron Allah da za su yi shi a nan. Ina fata suna zaune a gabana yanzu.

Ɗan fadarmu da na ba ku labari shi ya ce in faɗa, don kada wani ya maimaita. Kullum da yamma shi ke miƙe wa mahaifinsa hannu da ƙafa yadda aka koya masa, shi ke tuna masa magani. Ku sa su a addu'a.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba masu jinya haƙuri da lada, Ya jiƙan waɗanda suka kafa wannan ƙungiya suka riga mu gidan gaskiya, Ya ƙara mana ilimi mai amfani. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne, ku yafe mini.